Garejin da Wimalasena Ya Toshe

Injin bai canza murya ba, abin da ya fara tayar wa Somalatha da hankali ke nan. Tana tsaye a ƙofar garejin maƙwabcinta da faranti a hannu, shinkafar da ta dafa da madarar kwakwa tana hucewa a ƙarƙashin ganyen ayaba, motar kuwa tana ta gurnani a ciki, ba hawa ba sauka.

Ta san hannun Wimalasena. Shekara da shekaru katanga ɗaya ce tsakaninsu a wannan layi na bayan kasuwar garin Bandarawela, kuma duk injin da tsohon ya tayar ba ya barin sa ya sarara. Ya taka, ya saki, ya zage shi, ya lallashe shi. Yau ba zagi ba lallashi.

"Wimale aiya!" ta kira shi a hankali, yadda ta saba kiransa tun tana amarya, don ta ɗauke shi tamkar yayanta. Ba amsa. Ta ɗaga hannu za ta buga ƙofar, sai ta mayar da shi.

Shi ne ya hana ta. Mai duban taurari ya tsayar masa da hantsin yau a matsayin sa'ar tayar da motar, hancinta na kallon gabas. Jiya da yamma ya leƙo ta katanga ya ce, "Nangi, ƙanwata, ki dafa mana shinkafar sa'a. Amma kada ki ƙwanƙwasa. In ta tashi ta daidaita, ni zan buɗe da kaina."

Motar ƙirar Ingila ce, 'yar ƙarama mai kujera biyu da rufin tamfol, ta Baturen ƙarshe da ya riƙe gonar shayin da Wimalasena ya yi wa direba. Bature ya koma gida, mota ta yi ta yawo a hannun mutane har ta ƙare a wata rumfa kaji suna ƙwai a kujerarta. Bayan rasuwar matarsa Wimalasena ya ɗauko ta a bayan babbar mota, 'yan layi suka sha dariya har da riƙe ciki. Gara ta cinye katakon jikinta, ya sassaƙa sabo. Wayoyin ƙafafunta, irin na keke, ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da rigarsa ba ta san dutsen guga ba, sai ga shi yana goge ƙarfe da tsohon zanin matarsa har ka ga fuskarka.

Ranar da ya gama fenti, kore shar, Somalatha ta leƙa ta ce, "Kai, aiya, wannan ai ko amarya albarka!" Washegari gilashin gaba ya tsage tun daga sama har ƙasa. Bai ce mata komai ba, mutumin kirki ne. Sai dai ya kafa mutum-mutumi a bakin garejin don maganin kambun baka, ya buga katako a taga, ya cusa buhunan shayi a duk wata kafa da ido zai iya shiga. Ta gane, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Ta juya ta kalli barandarsu, inda mijinta Ariyapala ya miƙe ƙafa yana shan shayi.

"Ka zo ka ji. Ya daɗe fa."

"Wa? Angon? Bar shi ya gana da amaryarsa."

"Ba wasa nake ba. Na kira, bai amsa ba."

"To ina zai ji ki? Ba kin san yakan cusa bututun robar nan a kunne yana sauraron kafireta kamar likita ba? Da kunnen kirki ma bai ji ki ba, balle da roba a ciki." Ya kurɓi shayi. "Ke dai bakinki ya fasa gilashi. Yanzu ki fasa masa sa'a kuma, mu ga inda za ki sa kanki a layin nan."

Maganar ta same ta inda ya nufa. Ta koma ta tsaya. In ta buga ƙofar tsohon ya fito lafiya lau, duk abin da ya sami motar nan har abada ita ce. In kuma ba ta buga ba fa? Ta ajiye farantin a kan dakali, ta durƙusa, ta ja gefen buhun da ke ƙarƙashin ƙofa da yatsa biyu, kamar mai sata.

Wani ɗumi ya bugi fuskarta, mai warin mai da ƙuna. Idonta ya kawo ruwa nan take. Ta cikin 'yar kafar ta hango tayar gaba, ta hango ƙafa ɗaya a miƙe a ƙasa, silifa ya fice daga cikinta.

Ihun da ta yi ya sa Ariyapala ya saki kofi. Ya zo da gudu yana riƙe da zanin da ya ɗaura a ƙugu, ya daki ƙofar da kafaɗa, amma sakata ce ta ƙarfe a ciki, kuma Wimalasena ne ya ɗaura ta, ba ya aikin wasa. Razik mai babur mai ƙafa uku, wanda ke jiran fasinja a bakin layi, ya rugo da ƙarfen cire taya. Suka cusa, suka danna, katako yana ƙara. Somalatha tana ta fizge buhunan tana jifa da su, tana kiran sunansa, injin yana ci gaba da gurnaninsa kamar ba abin da ya dame shi.

Da ƙofar ta ɓalle, hayaƙi ya fito shuɗi-shuɗi, suka ja da baya suna tari. Wimalasena yana zaune a ƙasa ya jingina da motar, bonet a buɗe, robar tana cinyarsa. Fuskarsa ta yi wani ja mai kyau, irin na wanda ya ƙoshi da lafiya, wannan ne ma ya fi ba ta tsoro. Razik ya toshe hanci da riga, ya shiga ya murɗa makulli. Shirun da ya biyo baya sai da ya sa ta ji jiri.

"Yana numfashi," in ji Ariyapala. "Ɗauki ƙafafun! Ɗauki mana!"

Suka sa shi a bayan babur ɗin, kansa a cinyar Somalatha, Ariyapala ya maƙale a gefe. Razik ya kama gangaren asibiti yana ta danna oda, yana yi wa masu kayan lambu tsawa su kauce. Tana yi wa tsohon fifita da gefen mayafinta, tana jin ƙirjinsa yana tashi da ƙyar. Wajen kwanar tashar jirgi ya buɗe ido, bai san inda yake ba, sannan ya gane ta.

"Nangi," ya ce, da ƙyar ake ji. "Kin gan ta?"

"Na gani, aiya. Yi shiru, mun kusa."

"Ta yi kyau?"

Bakinta ya buɗe. Kalmar tana kan harshenta, amma tsoro ya riƙe ta. In ta yaba, wa ya san abin da zai fashe wannan karon, ga mutum a hannunta rai a bakin ƙofa? Ta danne leɓenta da haƙori, ta dai matse masa hannu. Ya ci gaba da kallonta yana jira.

"Ki amsa masa mana!" Ariyapala ya daka mata tsawa, yana kuka. "Ta yi kyau, Wimale! Babu irinta a ƙasar nan!"

Amma idon ya riga ya tsaya. Razik bai daina danna oda ba har ƙofar asibiti.

Ranar jana'iza aka jera fararen ƙyallaye, alamar makoki, tun daga bakin layi har gidan. 'Yarsa da ta zo daga Colombo ta sa aka turo motar tsakar gida, don a sami wurin jera kujerun masu gaisuwa a garejin. Mutane suka yi ta zagaya ta hannu a baya, suna kallo.

Da la'asar aka fara yayyafi, kowa ya gudu ƙarƙashin rumfa. Somalatha ta je ta ja tamfol ɗin motar, ta taɓa wannan ƙarfe ta taɓa wancan, ta rasa yadda ake ɗaga shi, kuma wanda ya sani ba ya nan. Sai ta buɗe lemarta ta riƙe a kan kujerar direba. Ta tsaya a nan, ruwa yana bin bayan wuyanta.