Tarin 'Yar Gata

Shekara goma sha ɗaya ke nan wani tsoho yana kula da barga, kuma cikin dawaki shidan da ke hannunsa babu abin da yake ji da shi kamar goɗiyar da ake kira 'Yar Gata. A hannunsa aka haife ta. Shi ya zaɓa mata ɗakin ƙurya, inda iska ba ta shiga, daidai ƙarƙashin benen da ake jibge busasshiyar ciyawa. Sauran dawakin suna rumfar waje, rana ta dake su, ruwa ya dake su. Ita kuwa kullum sai ya rufe mata taga, ya tsaya a gabanta ya karkaɗe ciyawa har ta yi laushi, sannan ya share ɗakin tana ciki, yana yi mata hira.

Tari ya fara mata kaɗan-kaɗan. Daga baya ko zagaye ɗaya ta yi a fili sai ta tsaya, hanci a buɗe, ciki yana bugawa. Maigida, wanda don tsere yake ajiye da ita, ya ce in ba ta warke ba, ba za ta ƙara kwana a gidansa ba. Ya sa aka kira likitar dabbobi.

Likitar ta yi mata allura har kanta ya yi nauyi, ta zura wani siririn bututu mai kyamara ta hancinta.

"Baba, riƙe mini kanta da kyau. Zan ɗan tsinko nama daga hanyar iska, bai kai kan ashana ba. Shi zai faɗa mana gaskiya."

Tsohon ya rungume kan goɗiyar yana shafa mata kunne. Bai yarda ya kalli allon da hoton ke fitowa ba.

Bayan kwana takwas likitar ta dawo da takarda da hoto. Maigida ya fito da kofin shayinsa a hannu.

"Asma ce," in ji ta. "Kun ga wannan jan layin? Tsokar da ke zagaye da hanyar iska ce. Ta yi kauri, hanyar ta tsuke. Wannan ba aikin wata ɗaya ba ne, shekaru ta yi tana shaƙar ƙura. Ina take kwana?"

Tsohon ya nuna mata, har da ɗan alfahari. Likitar ta shiga, ta ɗaga kai. Ta tsakanin katakon benen, ƙura tana zubowa a hankali cikin hasken ƙofa. Ta taɓa tagar, ta ji ta a ƙulle. Ta juyo wajen tsohon.

"Na waje fa, suna tari?"

"Ko ɗaya," in ji tsohon. Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa.

Maigida ya yi dariya har shayi ya zube masa a hannu. "Wato waɗanda ka wulaƙanta suna nan garau, wadda ka so ita ka shaƙe! Tsoho, don Allah kada ka taɓa so na."

"Yallaɓai, ba ta ƙare ba," in ji likitar da sauri. "A fitar da ita fili, a riƙa jiƙa mata ciyawa, ga magani. Za ta yi shekaru cikin sauƙi."

"Za ta yi tsere?"

"A'a."

"To me ya rage?"

"Ranka ya daɗe, a bar mini ita," in ji tsohon. "A bayan rumfa ma sai in ɗaure ta. Ni zan riƙa ɗebo ruwan jiƙon."

"Ai an bar maka ita shekara tara, mun ga sakamako. Mai keken dakon nan na injin katako ya daɗe yana neman dabba. Kai za ka kai masa, tunda kai kaɗai take bi. Ka dawo mini da ragamata."

Washegari ya ja ta. Tafiyar da ba ta kai rabin awa ba sai da ta ci musu awa biyu, don duk inda ta tsaya shi ma tsayawa yake. Mai keken ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya ɗaure ta a jikin wani ƙarfe, kusa da tulin garin katako.

"Ɗana, ka matsar da ita daga nan," in ji tsohon. "Kuma ka riƙa jiƙa mata ciyawa kafin ta ci."

"Baba, doki aka ba ni ko mai jego?"

Aka tayar da inji. Tsohon ya kwance ragamar. Da ya juya, goɗiyar ta yunƙura za ta bi shi, igiya ta fizge ta, mai keken ya zabga mata bulala a wuya. Har ya kai bakin titi yana jin tarinta a ƙarƙashin ƙarar injin.