Gashin Inna a Tsagar Bango

Daren jiya na yi mafarkin da har yanzu na kasa gaya wa matata. Na gan ni saɓe da tsagar bangon ɗakina a kafaɗa kamar mai tallan rake, na nufi ofishin inshorar bala'i na gwamnati. Bangon na bar shi a gida, don tsagar kawai suka ce a kawo. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi sama, kowa wandonsa sharkaf, hularsa a bushe.

Abin da ya kai ni kam ba mafarki ba ne. Tun girgizar ƙasar watan jiya muke ja-in-ja da su. Sun ce gida ɗaya kacal ta taɓa a layinmu, shi za su gyara: ko nawa, ko na Iya Ladidi, tsohuwar da muke katanga ɗaya. Ita ɗakinta zubewa ya yi. Amma da ta ji masu jaje na tafe, sai ta kwashe ɓaraguzan, ta share gidan tas, ta yayyafa ruwa, don kada baƙi su tarar da ƙazanta. Masu dubawa suka zo suka ga fili fes, suka rubuta cewa ba a taɓa yin ɗaki a wurin ba. Ni kuwa adda na sa na ƙara wa tsohuwar tsagata faɗi.

A mafarkin awaki ne ma'aikatan. Duk takardar da aka amince da ita, cinye ta ake yi nan take. Shugabansu wani bunsuru ne mai tabarau.

"Malam Tanimu, tsagar nan yaushe aka haife ta?"

"Watan jiya, ranka ya daɗe. Kafin girgiza bangon nan sumul yake."

Ya lasa, ya lumshe ido. "Da ɗan tsami."

Sai ga mu a tsakar gidana, ofishin gaba ɗaya har da fankarsa, tsagar ta koma jikin bango. Iya Ladidi na durƙushe a gefe da tsintsiya.

"Iya, ina ɗakin da kike cewa ya faɗi?" in ji bunsurun.

"Na share shi, ranka ya daɗe."

"Wa ya gani?"

"Ga Tanimu nan. Shi ya fara yi mini jaje, har da taya ni kwasar ƙasa."

Aka juyo kaina. Na ce ban lura ba, ranar mura nake. Kunya ta kama ni tun daga tafin ƙafa, amma ba ta iso bakina ba.

Bunsurun ya zura baki cikin tsagar. Ya ciro tsohuwar reza, ya ciro guntun asuwaki. Sannan ya fara jawo dunƙulen gashi fari fat, ɗaya bayan ɗaya, har suka cika faifai. Na mance sam. Duk lokacin da Inna ta taje kai, a nan take cusa abin da ya zube don kada a taka. Shekararta shida da rasuwa.

"Wannan ma girgizar watan jiya ce ta zuba shi?"

Iya Ladidi ta ɗauki guda ta shafa. "Na Hajjo ne, mahaifiyarsa. Ni nake mata kitso." Ta share ido da gefen mayafi. "Don Allah a rufa masa asiri, a gyara masa. Ɗan Hajjo ne. Ni na saba da rumfa."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa na roƙi ƙasa ta yi girgizar gaske ta haɗiye ni. Ƙasa ta ce sai na cike takarda, na kawo shaida ɗaya mai gaskiya.

Ƙarar shara ce ta tashe ni. Gari ya waye, kuma yau da hantsi masu dubawa za su dawo su ji ta bakina. Na miƙa hannu daga kan gado, na zura yatsa cikin tsagar, na taɓo abu mai laushi. A bayan katanga Iya Ladidi na ta sharar inda ɗakinta yake a da, don ta ji za a yi baƙi.