Sunan da Aka Ara wa Bawa

A shekarar 1993 aka shirya bikin cika shekara goma da fara gasar hoki tsakanin kwalejojin Gwandu da Kalgo. Malam Abdulgani aka ɗora wa rubuta tarihinta, domin shi ne kyaftin ɗin Gwandu a shekarar farko, yanzu kuma yana koyarwa a kwalejin da ya yi wa wasa. Ya rubuta yadda suka tumɓuke ƙayar fili da hannunsu, da yadda wani masassaƙi a Kambaza ya sassaƙa musu sanduna, har idonsa na cika da ƙwalla. Da ya iso wasan ƙarshe na 1983, sai alƙalami ya ƙi tafiya.

Ƙwallo biyun da suka kawo wa Gwandu kofi, Bawa ne ya ci su, Bawa kuwa bai taɓa zama a aji ba. Makiyayi ne daga wata ruga bayan Masama. Abdulgani ne ya gan shi yana gara goruba da sandar kiwo ta tsakanin ƙafafun shanu, ya lallaso shi. Doka ta ce ɗalibi kaɗai ke wasa, sai suka sa masa riga, suka rubuta shi da sunan Jibrin, wani ɗan ajinsu da ko tsayuwa cikin rana ba ya so. A wasan nan sandar wani ɗan Kalgo ta zubar wa Bawa haƙora biyu. Ya tofar, ya ci gaba.

Jibrin ɗin yanzu kansila ne, kuma shi ne babban baƙo.

Abdulgani ya sami shugaban kwaleji, Malam Garba, a ofis.

"Yallaɓai, sunan nan ba na mai shi ba ne. Ina so in rubuta Bawa."

Malam Garba ko kai bai ɗago ba. "Rubuta mana. Gobe mutanen Kalgo su turo mota a ɗauki kofinsu. Wa ma ya kawo Bawan, ni ko kai?"

Duk da haka Abdulgani ya aika wa Bawa ya zo bikin.

Ranar biki aka miƙa wa Jibrin sanda don a ɗauki hoto, ya riƙe ta kamar taɓarya. Sannan ya gyara babbar riga, ya shiga ba taro labarin yadda ya ci ƙwallo ta biyun. "Na ce wa mai tsaron gidansu, kauce ko in wuce da kai." Aka tafa. Har abokan wasansu na da, waɗanda suka san komai, suna gyaɗa kai suna wangale baki. Ƙyamarsu ta kama Abdulgani. Can bayan igiyar da aka tare jama'a, ya hango Bawa da malfarsa, ƙura har gwiwa. Da ƙafa ya zo.

Aka kira Abdulgani ya karanta tarihin. Ya bi layi layi, har ya iso wurin. Ya dubi Bawa. Ya dubi bencin mutanen Kalgo, da kofin da ke kan tebur.

Ya ce, "Jibrin."

Tafi ya sake tashi. Bai san yadda ya ƙarasa sauran shafin ba. Ƙyamar da yake ji ɗazu duk ta juyo kansa.

Da aka watse, Bawa ya tsallako igiya ya miƙa masa hannu.

"Kyaftin, karatu ya yi daɗi. Ashe Jibrin ɗin ga gwani na."

"Bawa, ka ji..."

"Abu guda ni ka son sani. Rannan ni ina nike? Ko kiwo na tahi?"

Abdulgani ya dubi takardar da ke ɗaya hannunsa. Bawa ya jira shi kaɗan, sannan ya saki hannunsa, ya kama hanyar Masama.