Bedin da Babu Shi a Zane

Zanen tsohon asibitin nan na wajen Ƙofar Sauri maƙaryaci ne, kuma ni aka ɗora wa gyara ƙaryarsa. Aikina in sake gina asibitin a cikin kwamfuta, da kowane bango da bututu da waya, yadda wanda zai zo gyara nan da shekara hamsin zai san abin da ke ƙasa kafin ya ɗaga diga. Mu a ofis BIM muke ce masa.

Alhaji Siddiq ɗan kwangila ya rantse ran Litinin zai fara haƙar harsashin sabon ɗakin haihuwa. Na ce masa ban tabbatar da inda babban bututun ruwa ya bi ba, in ya fasa shi sai marasa lafiya su yi mako babu ɗigo. Ya ce ai zane ya nuna a miƙe yake. Zane! Maginan da in suka canja abu a fili ba sa komawa kan takarda, a ka suke ajiyewa. Kan da ya ajiye wannan ginin kuwa na mahaifina ne, Malam Almu magini, wanda tun da mantuwar tsufa ta kama shi shekara biyu ke nan yana kirana Hajo, sunan marigayiya mahaifiyata. Wallahi abin yana ci min rai, sai dai in amsa.

Ran Asabar bayan la'asar na ɗora masa kwamfutar a cinya, ban ma sa rai ba. Na shigar da mu ta ƙofar asibitin da na gina a cikinta. Fararen ɗakuna babu kowa, babu inuwa, haske ko'ina ba a ganin inda ya fito. Na danna, bangaye suka zama kamar ruwa, shuɗɗan bututu suna rataye a iska. Sai na ga hannun Baba yana motsi kamar yana riƙe da cokalin gini. Ya ja tsaki, ya ce tagar can ba a nan take ba, sun ɗaga ta kamu ɗaya saboda hantsi yana dukan fuskar masu jego. Na gyara. Ya ce matakala uku ce, ba biyu ba. Can na daina jin kukan baburan layinmu. Sai nake ganin muna tafe a barandar, shi da ƙarfinsa, siminti har gwiwa, ƙamshin jiƙaƙƙen bulo yana tashi.

Da muka fito tsakar asibitin ya ɗora yatsa a kan miƙaƙƙen bututun.

"Wa ya sare bedin?"

Na ce babu itacen dogon yaro a zane, ni ban ma taɓa ganinsa ba. Ya ce injiniya ya sa a sare, ya amsa da to, da injiniyan ya juya baya sai shi ya karkata bututun taku bakwai gabas da gindin, ya zagaye shi. Na tambaye shi dalili.

"Nan uwarki take zama in ta kawo min fura. Da cikinki, Ramla. Ƙafafunta a kumbure, ina zan bar ta a rana?"

Ramla. Na kasa danna komai, kuka kawai na yi.

Washegari na riƙe masa hannu ya taka a tsakar gida, na auna takunsa da tef, don nawa bai kai nasa ba. Ran Litinin muka tono kututturen a ƙarƙashin daɓe, muka auna bakwai gabas, sai ga bututun kwance. Alhaji Siddiq ya matsar da harsashinsa yana ƙunƙuni.

Na dasa bedin a cikin kwamfutar, da rassansa da komai. Ogana ya ce ba a saka abin da babu shi a fili. Na ce to ya zo ya yi wa na baya bayanin abin da ya lanƙwasa bututun. Ya ƙyale ni.

Da na koma gida Baba yana kan tabarmarsa. Ya ɗago yana murmushi.

"Sannu da zuwa, Hajo. Rana ta dake ki ko?"

Na ce ƙwarai kuwa. Na buɗe kwamfutar, na kai mu ƙarƙashin bedin, muka zauna.