Wasan Ɓuyan Baba Direba

"Ku matsa ciki, ku matsa ciki! Saura mutum ɗaya mota ta tashi!"

Na ɗauke ƙafata daga kan keken ɗinki na leƙa ta taga. Baba Direba ne zaune a kan bokitin da ya kifa a tsakar gida, ya riƙe murfin babbar tukunyata da hannu biyu yana murza shi kamar sitiyari. A bayansa kwalaye ne jere, an yanka musu tagogi da wuƙa, yaran gidan duk sun cusa kansu ciki. 'Yan biyuna suna rigima a kan kujerar bakin taga. Auta kuwa tana tsaye a waje ta turo baki, wai ita ba ta shiga sai an ba ta tikiti.

"Baba, murfin nan tun safe nake nemansa," na ce. "Miyata na can a buɗe."

"Yi haƙuri 'yata, mota ba ta tafiya ba sitiyari. Muna isa tasha zan aiko miki."

"Wace tasha kuma?"

"Garin Alewa!" in ji 'yan biyu baki ɗaya.

Ya tsinki ganye ya miƙa wa Auta, ta karɓa ta dudduba shi gaba da baya kafin ta shiga. Ya yi ƙarar inji da bakinsa har tari ya sarƙe shi. Ni kuwa na koma na rufe miyata da faranti.

Gidanmu gidan haya ne, ɗakuna sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Baba Direba yana ɗakin ƙarshe kusa da famfon. Manyan motoci ya tuƙa a doguwar hanya har ƙarfinsa ya ƙare, matarsa kuma ta rasu tun kafin ya tare a wurinmu. Shekarun da muka yi tare, tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. Yana zama a ƙofar ɗakinsa da rediyo a kunne, fuska ba annuri. Yara in ƙwallonsu ta faɗa wajensa, sai su yi ta tura juna kan wa zai ɗauko.

Dogon hutun makaranta na waccan shekara ya zo da zafi mai tsanani. Baban yara yana fita masana'anta da sassafe, ni ɗinkin mutane ya yi min yawa, titin ƙofar gidanmu kuwa ba a barin yaro ya taka shi saboda motoci. Sai yaran suka zame min ciwon kai. A yi faɗa kan wayata, a yi faɗa kan talabijin, a yi kuka, a ci abinci, a koma faɗa. Ban san yadda aka yi ba, wata rana dai na ji ɗaki tsit, na fito a tsorace, na tarar da su tsugune gaban tsohon suna ta zuba masa surutu, shi kuma ya kashe rediyonsa yana sauraro.

Daga ranar tsakar gidanmu ta sake. Da safe kafin rana ta yi ƙarfi, tsere ake yi: a shiga buhu a yi ta tsalle daga famfo zuwa ƙofa, ko a ɗora lemo a cokali a riƙe da baki. Gwangwanayen madara tsohon ya jera bisa juna, ya cusa tsumma a tsohuwar safa ya ɗaure, ta zama ƙwallon jifa. In rana ta take, sai su koma inuwar baranda su kaɗa ruwan sabulu, su lanƙwasa waya su yi ta hura kumfa, ko su naɗa jiragen takarda su sake su a baho, kowa yana hura nasa. Kowane yaro ya ba shi gwangwani da ƙasa da ƙwayar wake, ya ce wanda nasa ya mutu ba zai ƙara shiga mota ba. Babbar 'yata, wadda ta fara jin kanta budurwa, ta yi kwanaki tana kallonsu a wulaƙance. Ƙarshe ita ce kwandasta.

Su suka fara kiransa Kaka. Ni dai Baba nake cewa.

Wata rana ya kawo min wani buhu da ya yage, ya ce in taimaka in bi masa da keke. Ya zauna a bakin ƙofa yana haki, gumi ya jiƙa masa riga.

"Baba, gudun nan fa ba na shekarunka ba ne. Kana shan maganinka kuwa?"

"Ina sha. Ɗana ba ya bari ya yanke. Magani, fanka, waya, duk shi ne." Ya juya yana kallon yaran. "Yana da yarinya, sa'ar Auta. Amaryata. Sau ɗaya na ɗauke ta, tana cikin zani. Ya ce hutun nan zai kawo min ita."

"Ashe shiri ake yi wa amarya, mu 'ya'yanmu na gwaji ne."

Ya yi dariya, amma ba ta daɗe a fuskarsa ba.

"Kin san shi uban nata, ban san yadda ya girma ba? In dawo ya yi barci, in fita bai tashi ba. Ina kawo masa takalmi, in tarar ƙafar ta wuce shi. Ya taɓa tare ni a ƙofa da ƙwallo a hannu, ya ce Baba buga min sau ɗaya. Na ce gobe. Da goben ina hanya."

"Ai nema kake musu, Baba."

"Haka nake faɗa wa kaina."

Saboda kunnensa ya yi nauyi, wayarsa a buɗe yake sa ta, duk gidan muna ji. Ɗan yana kira a kai a kai, magana cikin ladabi, amma gajeriya.

"Baba, ya jiki? Akwai abin da ake buƙata?"

"Babu. Yaushe za ka kawo min amaryata?"

"Mako mai zuwa in Allah ya yarda. Aiki ne ya sha min kai."

"To. Allah ya taimaka."

Ran nan bayan ya ajiye wayar ya ga ina shanya kusa da shi. Ya ce, "Kin ji ko? Da bakina yake min magana." Bai faɗa da fushi ba.

A motar kwalin nan akwai kwali ɗaya a gaba, kusa da direba, da ba ya barin kowa ya shiga. Auta ta yi kuka a kansa har ta gaji. Sai wata rana aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, babu wanda ya tuna da motar, kafin a ɗauke ta har ta zama tsumma. Yara suka tsaya cirko-cirko a kanta. Shi ya kwashe ta ya zuba a shara, ya ce ba komai, in amarya ta zo za a sayi sabuwa, mai hawa biyu.

Mako mai zuwa ya yi ta zuwa yana wucewa. Hutu ya ja baya, har na fara karɓar ɗinkin kayan makaranta. Baba Direba ya daina shiga tsere, ya koma alƙalin wasa a kan kujera. Ƙafafunsa suka kumbura har silifas ba ya shiga. Baban yara ya kai shi asibiti, likita ya ce zuciya ce, ya canza magani, ya ce a huta. Na ce zan hana yara damunsa.

"Ki hana su, ki kashe ni da wuri," ya ce. "Na huta shekara da shekaru a ƙofar ɗakin nan, me na samu?"

Na ce ko a gaya wa ɗansa jikin ya matsa. Ya ce ya gaya masa da kansa, ɗan kuma ya ce yana nan tafe.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Wasan ɓuya suke yi, don shi ne wasan da ya rage masa: ya juya kujerarsa ya fuskanci bango, ya rufe ido da tafin hannu ya yi ƙirga da ƙarfi, sannan ya tashi a hankali yana dogara sanda, yana buɗe wuraren da ya san babu kowa don wasan ya yi tsawo. Ina jin muryarsa yana ƙirga. Auta ta shigo da gudu ta kutsa ƙarƙashin teburin ɗinkina, ta ja yadin mutane ta lulluɓa.

"Mama, kar ki faɗa."

"Ban gan ki ba."

Na ci gaba da taka keke. Na gama hannun riga ɗaya, na juya na kama ɗayan. Auta tana ta danne dariya a ƙafafuna, can ta gaji ta fara wasa da zaren da ya zuba. Sai da na tsaya canza bobin ɗin zare na lura gidan ya yi shiru, ba ƙirga, ba ƙarar sanda.

Babbar 'yata ce ta leƙo.

"Mama, Kaka ya yi barci. Mun daɗe a ɓoye bai zo ba."

Na fita. Yana nan a kujerarsa, goshinsa jingine da bango, hannayensa sun sauka kan cinya. Na kira shi, na taɓa kafaɗarsa. Na ce wa yarinyar ta kwashe ƙannenta ta kai su ɗaki ta rufe, ta kira min matar makanike da ke ɗakin farko. 'Yan biyu suka fito daga bayan tankin ruwa suna murna wai sun ci. Auta kuwa ta ƙi fitowa daga ƙarƙashin tebur. Ta ce ita sai Kaka ya nemo ta da kansa.

Ɗansa ya iso kafin la'asar. Ashe tafiyar ba ta da wani nisa. Dogon mutum ne, kamar uban ya yi kaki, da kaya masu tsada da fuskar da ba ta nuna komai. Duk abin da ya kamata ɗa ya yi, ya yi shi ba gyara. Aka kai tsoho makwancinsa, aka yi ta gaisuwa, yana amsawa yana godiya. Ban ga hawayensa ba.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo kwashe kaya, wannan karon da yarinyar. Siririya ce mai manyan idanu, ta riƙe gefen rigarsa tana kallon yaranmu. Kayan ba su da yawa: katifa, fanka, akwati, rediyo. Amma a bayan ƙofa ya tarar da buhuna a naɗe, da gwangwanaye, da ƙwallon safa, da wayoyin hura kumfa an ɗaure su da zare. Ya fito da su ya tsaya a tsakar gida.

"Yaya, waɗannan na wane ne? Ko shara ce?"

"Na Kaka ne!" in ji 'yan biyu. Suka rufu a kansa suna rige-rigen ba shi labari, motar kwali, Garin Alewa, ranar da Kaka ya shiga buhu ya faɗi ya tashi yana dariya har hularsa ta faɗa baho.

Ya dube ni. "Babana? A cikin buhu?"

"Da idona na gani."

Ya zauna a kan dakalin famfo, ƙwallon safar tana hannunsa yana jujjuya ta.

"Ni ban san wannan mutumin ba," ya ce. "Wallahi ban san shi ba. Babana in ya dawo, uwata cewa take kar mu yi motsi, ya gaji. Ban taɓa jin dariyarsa ta fito waje ba." Ya dubi 'yarsa. "Yana ta cewa in kawo ta, in kawo ta. Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce. Ba wai fushi nake da shi ba, Yaya. Kawai in na zo mun gaisa, ban san me zan ce masa ba kuma."

"Shi ma haka," na ce. Ban gaya masa zancen ƙwallon da aka tare shi da ita a ƙofa ba. Na ga nauyin da ke kansa ya ishe shi.

"Ya bar wani saƙo?"

"Bai san ranar ce ba. Wasa suke yi."

Ya sunkuyar da kai. Yarinyar kuwa tuni Auta ta janye ta, an cire mata takalmi an cusa ta a buhu, tana tsaye ta riƙe bakinsa ba ta san yadda za ta yi ba. Ta waiwayo.

"Baba, zo ka yi min."

"Ban iya ba, 'yar gidana."

Auta ta kalle shi da mamaki. "Kaka ma ai bai iya komai ba. Ko ɓuya bai sani ba. Mu muka koya masa."

Ni kaina ban taɓa sanin haka ba. Mutumin ya daɗe yana kallon 'yarsa, sannan ya rufe fuskarsa da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa. Yaran suka tsaya suna kallonsa. Na ce musu su ci gaba da wasansu, na shiga ɗaki don kada in tsaya a kansa.

Na zauna gaban keke ban taka ba. Can na ji 'yan biyu suna ba wani umarni, ka riƙe nan, a'a ba haka ba, haɗa ƙafafunka. Na ɗaga labule kaɗan. Daga inda nake ban hango su ba, bakin famfo kawai nake gani. Silifas ɗin yara suna warwatse a kan siminti, a gefensu kuma baƙin takalmin mutumin mai sheƙi, ƙafa biyu a jere, ya naɗe safa ya tura a ciki.