Maganin Narelle a Akwatin Bindiga

Tun hantsi hayaƙi ya turnuƙe bayan tsauni, ni kuwa zama ya gagare ni. In shiga kicin, in fito, in leƙa tumaki, in dawo. Ɗana Lachlan ya bi 'yan sa-kai masu kashe gobarar daji, ya bar ni da matarsa Narelle da kare.

Narelle tana da ciwon barci. Tana tsaye sai ya sure ta, ko da cokali a hannunta. Likita ya rubuta mata ƙwayar da ke riƙe ta a farke, da ita take iya tuƙi. Ni dai tun zuwanta gidan nan nake cewa son jiki ne aka raɗa wa suna, kuma ba a bayan idonta nake faɗa ba.

Da rediyo ta ce mutanen kwarinmu su fice yanzu, sai na gan ta tsaye gaban akwatin ƙarfen da ake kulle bindiga.

"Glenys, maganina yana ciki."

"Cikin me? Ke da hankalinki?"

"Tun lokacin askin tumaki na sa shi, da baƙi suka cika gida. Irinsa ake sacewa. Lachlan ke buɗe min kullum, yau ya fita a guje."

Makullin kuwa yana wuyansa, don mai lasisin bindiga kaɗai ke riƙewa. Na kira shi, waya ba ta shiga. Na ɗauko guduma na dirka wa akwatin, hannuna ne ya ji jiki. Ga shi yanar ido ta raba ni da tuƙi tuntuni.

Haka muka hau hanya, Narelle na tuƙi ba magani, kare a baya. Na buɗe taga, na yi ta zuba mata surutu, ina mintsinin cinyarta. Toka na sauka kan gilashi. Ba mu kai gada ba motar ta fara cin gefen titi.

Ta taka birki. "Dole in ɗan runtsa, in ba haka ba bishiya za mu daka."

"Yanzu? Wuta na bayanmu za ki yi min barci?"

"Kaɗan ke isata. Ki sa ido kan tudun can, kina ganin jan wuta ki tashe ni. Tashina dai ai kin ƙware a kai."

Kafin in rama, kanta ya langaɓe. Hannuwanta ba su saki sitiyari ba, yatsun har sun yi fari. Ashe tun daga gida haka take kokawa da barcin.

Na juya, na duba tudu, na duba ta, na sake duba tudu. Can wata dabba ta gifta a guje, kare ya zabura zai yi haushi. Na damƙe bakinsa da hannu biyu.

"Kul!" na ce masa ƙasa-ƙasa. "Ka tashe ta sai na yi maganinka. Ba ka ga barci take ba?"