Kifin da Ya Kwanta

Magana ta cika unguwa cewa kifin mai gyaran agogo ya ga mutuwa. Wai tun ranar da aka kwantar da mutumin a asibiti kifin ya kife a gefe ɗaya, ya ƙi ci. Da labarin ya iso kunnen yayarsa, tsohuwar malamar makaranta, sai ta laluɓo tabarau da sandarta.

"Kifin da ya cinye abokan zamansa kaf, yau shi ne mai tausayi?"

Ta tarar da matar ƙanin nata a falo, ido ya kumbura, ga bokiti a gaban tankin gilashin da kifin ke ciki.

"Yaya, kwata zan kai shi. Duk na kalle shi sai gabana ya faɗi, ko asibitin na kasa komawa."

"Ki zubar da abin da mijinki ya rena tun yana kamar ɗan yatsa? In ya dawo ki ce masa me, ya yi fiffike?"

Tsohuwar ta ja kujera ta zauna. Kifin ya kai tsawon damtsenta, baƙi mai ɗigon ja a wutsiya, ga shi yashe a ƙasa, launinsa ya koɗe, sai ido yake juyawa. Ta taɓa ruwan, da ɗuminsa. Injin tace ruwa na aiki. Tankin dai ya yi mata kyau fiye da kima: tsakuwa a baje sumul, gilashi na ƙyalli.

"Wa ya gyara nan?"

"Ni ce. 'Yan dubiya na ta shigowa, ina zan bar su su ga ramuka? Har da wata fasasshiyar tukunyar fure a ciki, abin kunya. Na fitar da ita."

"Tana ina?"

"Bayan ƙofar kicin."

"Ɗauko ta, uwar tsafta."

Tsohuwar ta ɗauraye tukunyar, ta naɗe hannun riga ta saka ta a kusurwar tankin, bakinta na kallon gaba. Suka zauna da shayi suna kallo. Matar ta fara cewa, "Na faɗa miki..." sai ga motsi a tankin. Kifin ya miƙe. Ya zagaya tukunyar, ya leƙa ciki, sannan ya cika baki da tsakuwa ya tofar can gefe. Ya sake. Kafin shayinsu ya huce ya haƙa rami, baƙinsa ya dawo.

Tsohuwar ta miƙa masa ɗan jatan lande, ya wafce har da fatar yatsanta.

"Kai, ɗan banza! Halin ubangidanka sak."

Matar ta yi dariya tana share hawaye, ta ture bokitin da ƙafa, ta shiga neman mayafinta.

"To Yaya, me ya gani?"

"Bai ga komai ba. Ɗakinsa kika ɗauke masa."